Lemar da ba ta da suna

Kwana biyu bayan ruwan Agusta,
a dajin Takeita, gefen gawon da iska ta kayar bara,
na durƙusa in ɗaure igiyar takalmi,
sai na gan ta.

Ba ta kai farcen ƙaramin yatsana ba.
Hularta ja, jan goron da aka tauna aka tofar,
tsakiyarta ta lotsa kamar cibiya,
ƙafarta siririya, tsinken tsintsiya ya fi ta jiki.
Su uku ne tsaye kan ruɓaɓɓen ɓawo,
ta huɗu tururuwa sun riga ni.

Shekara goma sha ɗaya ina gadin dajin nan.
Na san tumukun suri da baƙar ƙurarsa,
na san farar lemar kwaɗi
da ke leƙowa bayan garke, kan kashin shanu.
Wannan kuwa ko a mafarki ba mu taɓa gaisawa ba.

Na tono ɗaya da bakin wuƙa har gindi,
na shimfiɗa mata ganyen sabara a kwalin ashana,
na hau babur kamar mai ɗauke da ƙwai.

A Kasuwar Dole, Inna Barira mai saiwoyi
ta juya ta a tafin hannu, ta sunsuna,
ta ce, "Ƙamshin rumbu bayan ruwa."
Ta ce, "Kakata na kiranta da wani suna,
kunnen wani abu ne, ko na ɓera ko na aljani,
dakata, yanzu zai zo mini."
Na dakata har la'asar, na sha shayi sau biyu.
Bai zo ba.
Mai sunan ta daɗe da kwanciya a bayan Birni.

Malam Tsayabu ya sauko da littafinsa na jami'a,
nauyinsa nauyin bulo,
cike da hotunan ƙasashen da ruwa ba ya ɗaukewa.
Wannan ta yi kama, amma ƙafarta na da zobe.
Waccan launin ya zo daidai,
sai dai tana tsirowa gindin itacen
da ko jikansa bai taɓa taka Damagaram ba.
Ya cire tabarau, ya murza ido,
ya ce, "To, a tambaye ta da kanta."

Ya yanke hular, ya kife ta kan farar takarda,
ya rufe da kofin shayi.
Kada kowa ya taɓa sai asuba.

Ni da ke tare masu saran itace, gatari a hannunsu,
abin da bai kai ƙwayar wake ba
ya hana ni barci.

Da asuba muka ɗaga kofi.
Hular ta yanƙwane kamar mataccen ƙuda,
amma ta bar rubutu:
layuka sirara masu launin tsatsa sun bazu daga tsakiya,
kamar tsaikon bukka in ka kwanta kana kallon sama.
Na ƙirga ashirin da bakwai,
Malam ya ce da takwas.
Ita dai ta amsa.
Mu ne ba mu iya karatun ba.

Da na koma Takeita, rana ta shanye sauran biyun,
ko tabo babu.
Na jera duwatsu uku a gindin gawon,
na rubuta a littafin aiki:
sha tara ga wata, bayan ruwa biyu, ɓangaren inuwa.
Gurbin suna na bar shi fari.

Takardar tana cikin akwatin ƙarfena,
tare da takardar haihuwar 'yata.

Jiya Inna Barira ta aiko yaro,
wai ba kunne ba ne, ta tuna, kila leɓe ne.
Na ce a gaya mata kada ta yi gaggawa.
Damina mai zuwa zan goyo ta a babur,
ta durƙusa da kanta ta duba.
Kila in ta ga mai sunan a gidanta,
sunan ya fito.